An Duba Furfurata, An Hana Ni Fansho

Zuwa ga Mai Girma Manajan Ma'aikata,
Kamfanin ajiyar kifi da nake wa aiki, Fatakwal.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaisuwa, da fatan kana lafiya kai da iyali.

Sunana Sale Garba, direban motar da ke kai kifi daga ɗakin sanyi zuwa Kasuwar Oil Mill. Shekarata goma sha tara a kan wannan aiki. Sau uku ina zuwa ofishinka ana ce mini kana mitin, shi ya sa na fito fili da wannan wasiƙa. Da Hausa na rubuta, 'yata Bilki za ta juya maka ita zuwa Turanci. Ba zan ɓoye maka ba, a tsorace nake rubutun nan, domin na ga an kori mutum a kan abin da bai kai wannan ba.

Na farko. Watan jiya aka liƙa takarda a bakin ƙofa cewa za a sa direbobi da masu lodi a tsarin fansho. Mun yi murna, har muka yi wa kamfani addu'a. Da na je cike fom, matar da ke teburin ta buɗe fayil ɗina, ta dube ni, ta mayar ta rufe. Ta ce da ni, "Baba, your time don pass." Wai lokacina ya wuce, tsarin na waɗanda ba su kai hamsin ba ne. Chidi da Nura, waɗanda ni na koya musu tuƙa babbar mota, suna bayana a layi, su an karɓi nasu. Ban yi musu baƙin ciki ba, amma ni da fom ɗina a hannu na fita daga ɗakin.

Na biyu. Shekarun da ke fayil ɗin nan ba nawa ba ne. A ƙauyenmu ba a ba da takardar haihuwa. Ranar da aka ɗauke ni aiki, akawu ya kalli gemuna ya rubuta abin da ya ga dama, ni kuwa neman abinci ya kawo ni, ban yi musu ba. Furfura gadon gidanmu ce, mahaifina tun bai yi aure ba ta fito masa. To amma mu ƙaddara na kai shekara hamsin da takwas ɗin da fayil ɗin ke nunawa yanzu. Sai me? Mota ɗaya muke tuƙawa ni da su Chidi, hanya ɗaya, ramuka ɗaya. Ban taɓa buge ko akuya ba. Ban yi karatun doka ba, amma wani lauya da muke sallar Juma'a tare ya ce bai san dokar da ta ce a ware ma'aikaci daga fansho saboda tsufa ba. In akwai ta, a nuna mini.

Na uku, kuma shi ne abin da ya fi razana ni. Ka tuna Malam Ya'u mai lodi? Shekara ashirin yana ɗaukar kwalin kifi, har sanyi ya kama masa baya. Aka sallame shi da buhun shinkafa da "mun gode". Juma'ar da ta wuce na gan shi zaune a ƙofar masallaci, wajen da ake ajiye takalma, hannunsa a miƙe. Da muka haɗa ido sai ya sunkuyar da kai. Ban iya gaishe shi ba. Daga can na wuce kanti na sayi maganin rina gashi. Matata Hajara ta same ni gaban madubi ina shafa wa gemuna baƙi, ta tsaya, sai hawaye. Abin da tsoro ya mayar da ni ke nan.

Mutane na cewa in ƙarfi ya ƙare sai a koma gida. Wane gidan? Gonarmu an raba ta tun rasuwar mahaifina. 'Ya'yana biyar duk a nan aka haife su, ƙaramar ma bakinta ya fi sakewa da Turancin kasuwa. A garin nan ƙarfina ya ƙare, a ƙarƙashin rufinku.

Roƙona shi ne a cire wannan iyaka ta shekaru, a sa kowa a tsarin, babba da yaro. A ba ni dama in kawo shaidar shekaruna daga kotu a gyara fayil ɗina. A kuma waiwayi Malam Ya'u tun yana da rai. Sannan, don girman Allah, kada wannan wasiƙa ta zama sanadin korata.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya raya maka zuriya, ya sa ka tsufa cikin rufin asiri. Ranar Litinin zan zo karɓar makullin mota kamar kullum. Ban sani ba ko za a miƙo mini.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Sale Garba.