Na Yanyanka Allon Yaƙin Babana

Anti Furera, assalamu alaikum. Don girman Allah ki taimake ni da shawara, kuma in da hali ki sa wasiƙata a fitowar wannan makon, domin kwana goma sha ɗaya kacal suka rage mini. Na yi ɓarnar da ban san da wane baki zan faɗe ta ba. Ki sakaya sunana.

Ni 'yar Gwarzo ce, ina da aure da yara biyu, ina aiki a wani shagon kwamfuta: buga takardu, fotokwafi, katin biki, sikanin da sauransu. Mahaifina tsohon hedimastan firamare ne. Tun kafin a haife ni ya ƙirƙiro wani wasa a kan ƙaton kwali mai girman dardumar salla. Ya zana gari da ganuwa da ƙofofi huɗu, ga rafi ga gonaki, ya rarraba shi gida-gida, ya shafe da kalar 'yan makaranta. Mutum biyu ke yi, ɗaya ya tsare gari, ɗaya ya zama maharan da ke zuwa da kaka kwasar hatsi da dabbobi, irin labarin da kakarsa ta riƙa ba shi. Mayaƙan marafan kwalbar lemo ne. A gidanmu allon yaƙi muke ce masa.

Ina 'yar shekara takwas aka ƙaddamar da Shari'a, sai aka fara ƙananan maganganu a unguwa wai Hedimasta caca yake yi a zaure, saboda ɗan ludon da suke jefawa. Baba bai yi musu da kowa ba, ya ɗora allon a ka ya kai wa liman. Liman ya duba ya ce tunda ba a zuba ko kwabo, ba caca ba ce, amma a ajiye ɗan ludon a huta da bakin mutane. Daga ranar suka koma jefa ƙwallon dabino. Ina ba ki wannan labarin ne don ki san allon nan sau ɗaya tak ya taɓa fita daga gidanmu kafin ya faɗo hannuna.

Shekara shida da suka wuce hawan jinin ido ya tafi da ganin Baba. Mun ɗauka wasa ya ƙare ke nan. Sai Innarmu, Allah ya jiƙanta, ta zauna da shi wata guda cur, yana faɗa tana yi. Ta manna sillen kara a kan ganuwa, ta barbaɗa yashi da gam a rafi, ta zare zaren tsohon mayafinta ta bi hanyoyin da shi, sannan ta bi gidajen ɗaya bayan ɗaya tana huda su da allura ta baya don ya riƙa ƙirga su da yatsa. Shekara na zagayowa ta rasu. Tun daga nan Baba da hannu yake ganin allon, kuma wallahi ko mai ido bai cika cinsa ba.

Abokin wasansa Malam Datti ne, wanda suka yi koyarwa tare, yana zaune a Durun can ƙasar Kabo. Da duk Juma'a sai ya zo, su sauko daga masallaci su ci abinci su baje allo, suna yi wa juna tsiya har la'asar sakaliya. To tun da aka cire tallafin mai kuɗin mota ya fi ƙarfin ɗan fansho, sai ya yi wata biyu bai leƙo ba. Baba ya rame. Sai in je in tarar da shi a zaure shi kaɗai yana shafa allon yana matsar da marafai, yana yi wa kansa hari yana tarewa. Abin ya tsaya mini a rai.

Wata rana ina dube-dube a waya na ga yadda wasu a ƙasashen waje ke ɗaukar irin waɗannan wasannin yaƙi na kwali su yi musu sikanin, su gyara hoton a kwamfuta, har su yi wasa da wanda ke nesa. Na ce to ai wannan sana'ata ce. Na shirya in yi wa allon sikanin, in sa wa kowane gida lamba, in buga wa Malam Datti nasa, shi ke nan sai su riƙa yi ta waya, kowa da allonsa a gabansa. Da na faɗa wa Baba har dariya ya yi, ya ce ashe Datti zai sha kashi daga nesa. Ya miƙo mini allon ranar Litinin, ya ja mini kunne in dawo masa da shi Alhamis yadda na karɓa.

Anti, sikanar shagonmu ta ƙaramar takarda ce, allon ya ninka ta sau goma sha biyu. Na gwada ɗauka da waya, hoton ya fito a karkace ga inuwa. Ga shi yanzu awa biyu kawai muke tayar da janareta a rana, mai shagon, Alhaji Maikuɗi, sai duba agogo yake. Nan zuciya ta raya mini in sa reza da rula in raba shi gida goma sha biyu, in na gama in haɗe da salatif ta baya, ai Baba ba ya gani. Wannan "ai ba ya gani" da na faɗa a raina ita ke cina har yau. Na yanka. Da na ɗora na farko murfin sikanar ya ƙi rufuwa saboda karan, hoton ya yi dishi-dishi, sai na ɓamɓare karan, na kankare yashin, na zare zaren, na tara su a leda da niyyar in mayar.

Kwana biyu na yi ina haɗa hotunan a kwamfuta, ina daidaita baki da baki, ina goge tabon manja da na shayi, ina ƙara wa kalar haske. Ya yi kyau ƙwarai, har masu zuwa fotokwafi suna tsayawa kallo, ni kuwa kaina ya kumbura. Da na waiwayi ainihin guntayen sai na ga bakinsu ya fara marmashewa, kwali ne na shekara kusan arba'in. Alhaji ya ce in yi musu lamineshin mana, kamar yadda muke yi wa takardun makaranta, su daɗe. Da zuciya ɗaya ya faɗa, ni ma ban tsaya tunani ba, mu da duk abin da muke ji da shi leda muke sa masa. Saura minti goma a kashe janareta, na riƙa zura su a injin a kife, ɗaya na bin ɗaya. Sai a na tara na juya na duba.

Ashe zafin injin ya narkar da kalar, kore ya shige shuɗi, ganuwa ta zama wani jirwaye. Abin da ya fi wannan muni, ledar ta toshe hujin allurar Inna kaf, guntayen sun yi sumul kamar farantin tangaran. Na gwada ɓare ɗaya, ledar ta taso har da fuskar kwalin. Uku ne kawai suka tsira. Na zauna a ƙasan shagon ina kuka mutane na kallona.

Yau mako biyar ke nan ina yi wa mahaifina ƙarya. Alhamis ta farko na ce ba wuta, ta biyu na ce kwamfutar ta lalace, daga baya na ce an tura shi Kano wurin masu babban inji. Bai taɓa yi mini faɗa ba. Amma duk sanda na yi sallama, kafin in gama durƙusawa ya miƙo hannu biyu, in na fara kame-kame sai ya mayar da su cinyarsa ya tambaye ni yara. Na daina iya cin abinci, salla ma sai in rasa raka'a nawa na yi. Yanzu Malam Datti ya aiko zai zo Juma'a ta sama ya kwana biyu, Baba ya ce ko an gama ko ba a gama ba in kawo masa abinsa.

Maigidana ya ce in ce an manta shi a mota ya ɓata, wai gara ya ji an sace da ya ji 'yarsa ce ta sa masa reza, ga shi da hawan jini. Ni kuma na fara buga wani a ɓoye, ina so in manna masa karan da yashin da zaren da na tara, in huhhuda shi in murje shi da ƙasa ya yi kamar tsoho, in miƙa masa a matsayin nasa. Na gwada a gefe ɗaya, na rufe idona na shafa, ni dai ban ji bambanci ba. In faɗi gaskiya kuwa, ba zagi nake tsoro ba, Baba ba ya zagi. Shirunsa nake tsoro. Anti wanne zan yi? Kuma ko kin san mai iya cire ledar nan ba tare da ta ci kwalin ba? Ko ina yake zan je.

'Yar Hedimasta, Gwarzo.

Wa alaikumus salam, 'yar Hedimasta. Share hawayenki ki saurara, akwai aiki a gabanki kuma kwanakin ba su da yawa.

Niyyarki mai kyau ce, kuma dabarar buga wa Malam Datti nasa allon dabara ce ta 'ya mai tausayin uba. Gaggawar janareta ma na fahimce ta, kowa na fama. Amma kada mu ɗora wa Alhaji ko inji laifi. An ba ki amana an ce ki dawo da ita yadda take, kika yanka ba ki tambaya ba, sannan kika bi da ƙarya mako biyar. Yankan kuskure ne, ya wuce. Ƙaryar kuwa har yanzu kina cikinta, ita ce za ki iya tsayarwa.

Maigidanki tausayi ne ya sa shi faɗar abin da ya faɗa, amma ban goyi bayansa ba. In kika ce ya ɓata, kin raba Baba da allon gaba ɗaya alhali ga zare da karan Inna a hannunki. Na jabun kuma ki ajiye shi. Ke kin rufe ido minti biyu, shi shekara shida yana bin hujin nan da yatsa, taɓawa ɗaya zai gane. Abin da nake jiye miki shi ne ya gane ya yi shiru don kada ya kunyata ki, ku zauna a haka kowa na ɓoye wa ɗan'uwansa. Mutumin da ya yi shekaru yana sauraron uzurin 'yan makaranta ma, ina kyautata zaton ya daɗe da sanin akwai magana.

Na tambayi wani mai ɗab'i a nan Kano, ya ce ledar da aka manna da zafi ba ta fita salin-alin, don haka ki daina ɓarewa. Guntaye ukun da suka tsira ki sa su a ambulan ki adana. Hotunan sikanin, da wanda kika goge da na asali mai tabon manja, ki tura su imel ɗinki yau ɗin nan kada kwamfutar shago ta tafi da su. Ki sa a buga miki guda biyu a babban inji, a kan takarda, kada a yi a ledar da ake buga tallace-tallace a kai domin ba ta riƙe gam kuma huji ba ya zama a jikinta. Ki liƙa su a kwali mai kauri, a na Baba ki bar gurbin guntayen nan uku su koma mazauninsu. Daga nan ki tsaya, kada ki manna ko sille ɗaya sai yana wurin.

Kada ki jira jajibirin zuwan baƙo. Ki je jibi da hantsi, bayan ya karya ya sha maganinsa, maigidanki ya raka ki ya zauna a kusa. Ki faɗa masa komai a jere, har da ƙaryar, ki nemi gafara, kuma ki riƙe kukanki kada ya zama shi ne zai koma lallashinki. In ya yi fushi haƙƙinsa ne, in ya yi shiru ki jure, ki dawo washegari. Ba zan yi miki alkawarin zai karɓi sabon allon ba, wanda Inna ta huda ba zai dawo ba. In ya karɓa, to zuwan Malam Datti ya zo a kan gaɓa, don shi kaɗai ne mai ido da ya san allon nan ciki da bai. Baba na faɗa, Malam na dubawa, ke kina riƙe da allura. Ki kunna rikodar wayarki ma su faɗi ƙa'idojin wasan, domin sikana ba ta ɗauko su ba.

Abu ɗaya nake roƙonki: in kin shiga zauren, kada ki sa masa komai a hannu sai kin gama magana. Ya ji daga bakin 'yarsa kafin yatsunsa su gaya masa. Allah ya sanyaya zuciyarsa a kanki, ya ƙara masa lafiya, ya jiƙan Inna da rahama, ke kuma ya ba ki ƙarfin halin yin sallamar nan.

Anti Furera