Takardar da Kuka Ba Ƙanwata Ta Kai wa Mai Dukanta

Zuwa ga Shugaban ’yan sandan ofishin unguwarmu,

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe. Ya aiki, ya zaman kujera? Ni ce Memuna mai waakye, shinkafa da waken nan, a unguwar Akwatialine. Yaranka sun san ni, ko da yake sun fi sanin tukunyata.

Na farko. Ranar wata Talata na kawo muku ƙanwata Ramatu, idonta a kumbure, mijinta ya dake ta da wayar wuta. Sajan ya leƙa fuskarta, ya ce harkar iyali ce, mu je ofishin jin daɗin jama’a. Madam ɗin can, Allah ya saka mata, ta ba mu ruwan sanyi da tausayi, sannan ta ce duka laifi ne, mu koma wurinku. Kullum a rediyo kuna cewa hannu da hannu kuke aiki. Ashe tsakanin ofisoshinku biyu babu waya, sai ƙafar Ramatu da trotro, motar haya.

Na biyu, kuma nan ne raina ya ɓaci. Da muka dawo, Sajan ya rubuta takardar gayyata, ya buga hatimi har sau biyu, ya miƙa wa Ramatu ta kai wa mijinta da hannunta. Wai haka ake yi. Ranka ya daɗe, ko a Zango ba a aiken kaza ta kira muzuru. Na hana ta, ta ce ai hukuma ce ta sa ta. Ta kai. Ya karanta tsaf, ya ninke, ya rufe ƙofa. Tun ranar kunnenta na hagu ba ya ji.

Na uku ba dogo ba ne. Madam ta ce da an sanar da ita zancen takardar, da ta samo wa Ramatu wurin fakewa. Ba wanda ya sanar.

Roƙona: takardarku, ɗan sanda mai kaki ya kai ta. In mace ta shigo da rauni, ku kira Madam ta zo, kada ku tura mai ciwo yawo. Ku zo ku ɗauki mutumin nan, yana shagonsa a unguwar Krofrom, ba ɓuya yake ba. Ramatu tana ɗakina, shi kuma ya san ƙofar. Tsoro nake ji, ba zan ɓoye maka ba.

Allah ya ƙara maka girma, ya ba Sajan basira. Na ji kana da ’ya’ya mata. Allah ya tsare su daga ranar da za su buƙaci ofishinka.

Wassalam.
Memuna, yayar Ramatu