Motar da Mata Kaɗai Ke Jin Kukanta

Malam Sajo, assalamu alaikum. Don Allah ka taimake ni da shawara kafin in aikata abin da zan zo ina cizon yatsa.

Ni mutumin Getso ne, amma shekarata goma sha ɗaya a Fatakwal ina aikin awon kaya a wani kamfani. Gari ne da ruwan sama ba ya gajiya, fura kuwa sai a mafarki. Tun da aka shiga wannan tsuke bakin aljihu, albashinmu kafin ya iso hannu ya riga ya tsufa. Duk wahalar shekarun nan mota ɗaya ta haifa, Fijo fara mai dogon baya, ta hannu. Na damƙa ta ga ƙanena Musbahu yana jigila tsakanin Getso, Gwarzo da Kabo, gida na ci, kuma duk sati biyu yana kai Inna asibiti saboda hawan jini. Sharaɗi ɗaya na kafa masa: kada motata ta kwana da datti.

To wata uku ke nan wai ta fara kuka. Na ce wai, domin ni ban ji ba. Da na je Babbar Sallah na shige ta har Kabo, ina gaba kamar yadda ya dace da mai mota, Musbahu ya ƙure kaset ɗin wa'azi tunda an daina na kiɗa, ban ji komai ba sai malam yana ragargazar masu tauye mudu. Amma ka san tun da Shari'a ta zo, maza ke gaba da tsakiya, mata can kujerar ƙarshe. Su ne suka kafe cewa wani abu na kuka a ƙarƙashinsu, siriri kamar sauro a kunne. Kafin ka ce me, magana ta zaga kasuwa cewa motar tana da iska. Masu kai daddawa da ƙuli-ƙuli sun ƙaurace mata. An yi tofi, an yi turare, kuka na nan. Inna ta ce ƙafarta ba ta sake taka ta, har ta tsallake asibiti sau biyu.

Ƙanwata Asiya ta aiko mini da kaset ta hannun wani direban shanu, ta kwaikwayi kukan da bakinta. Ina saurara maƙwabcina ya leƙo ya ga ko akuya na saya. Ta ce in Musbahu ya taka mai kukan yakan tashi ya yi tsini, in ya ɗaga ƙafa a gangara ya lafa, in kuwa motar na tsaye a tasha, ko ya ba injin wuta, shiru.

Shi Musbahu ya canza fanbel, bai daina ba, sai ya ce surutun mata ne kawai. Ni zuciyata na ce mini lodin buhunan dawa ya kashe ta da shi. Amma in faɗi gaskiya, bai taɓa cin amanata ba. Kullum yana sauke fasinjan ƙarshe sai ya zarce bakin dam, ya shiga da ita har ruwa ya kusa rufe tayoyi, ya wanke ta tas.

Na riga na rubuta wasiƙar karɓe makulli, tana aljihuna. Yana da mata da 'ya'ya huɗu, na sani. To ni ma na gaji, Malam. Ina shan garin kwaki a garin mutane, abu ɗaya da na mallaka an mai da shi gidan aljanu. In aika ko in fasa?

Ɗan Getso a Fatakwal

Wa alaikumus salam, Ɗan Getso. Bar wasiƙar nan a aljihu tukuna.

Matan nan sun fi ku gaskiya, kuma Asiya ta gama rabin aikin bakanike. Kukan da ba ya fita sai mota na tafiya ba na injin ba ne, shi ya sa fanbel bai yi magani ba. Wanda ke tashi in an taka mai ya kwanta in an saki, kuma na kujerar ƙarshe kaɗai ke jin sa, aksul ɗin baya, wato ƙarfen da ya haɗa tayoyin baya yake juya su, zan fara tuhuma. A kansa suke zaune.

Musbahu ya kai ta wajen bakanike a kwance notin aksul ɗin, a tsoma yatsa a duba man da ke ciki. In ya fito fari-fari kamar kunun gyaɗa, ruwa ya shiga. Aksul yana da 'yar ƙofar shan iska a sama. In aka tsoma shi da zafinsa cikin ruwan sanyi, sai ya zuƙi ruwan. A juye man, a wanke, a zuba sabon man giya. A kuma ɗaga motar a juya tayoyin baya, ko boris ɗin da taya ke juyawa a kai ne ya ci. In kukan bai tafi ba, haƙoran ciki sun lalace, sai a nemo na hannu mai kyau a Kano. Kada a ci gaba da ɗaukar mutane haka, yana iya cijewa a kan titi.

Laifi kuwa kun raba. Lodi yana ƙara ciwon, kuma Musbahu ya yi kuskure da ya raina kunnen fasinjansa. Amma dam ɗin nan umarninka ya kai shi. Mutumin da ya lalata mota garin yi maka biyayya ba makulli ake karɓe masa ba, bokiti ake saya masa.

Inna kuwa kada ta jira gyara. A sa ta a wata motar cikin satin nan ta ga likita. In an gama aiki, a kashe kaset, Asiya ta zauna baya ta yanke hukunci. Ranar da ta ce shiru, kasuwa za ta ji kafin la'asar.

Kai ma in ka je gida, ka bar wa wani kujerar mai mota, ka koma can ƙarshe kusa da Inna. Shari'a ba ta hana ka ba. Allah ya ba ta lafiya, ya dawo da kai Getso ka sha furarka.