Rigar Raƙumi

Ranar Talata

Zuwa ga Mai Allura,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan ta same ki da sauƙi. Yaya jikin? Yaya hannun, ya fara jin magana? Auta ta gaya mini likitan gashin ƙashi ya yaba da yadda kike matsa ƙwallon robar nan, har kin riƙe cokali da kanki ranar Asabar. Allah Ya ƙara afuwa. Ki gaishe ta da mijinta da jikokina, ki ce na gode da ɗawainiyar da suke yi da ke.

Na san tun da ciwon nan ya taɓa ɓarin jikinki waya take gajiyar da harshenki, shi ya sa na koma takarda. Ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Kin tuna lokacin da nake zuwa shagonku gyaran keken ɗinki, in na gama in soke miki wasiƙa a ƙarƙashin murfi? Keken nan lafiyarsa ƙalau, ke kike sassauta masa noti don a kira ni. Shekara talatin da takwas ke nan ba ki amsa laifin ba.

Gida lafiya, sai shiru da ya yi yawa. Duk mako ina ɗiga wa kekenki mai, in taka shi kaɗan don kada ya manta aikinsa. Zafi kuwa bana ba a magana, da rana har kwalta take kama takalmi.

Wanda ba shi da lafiya shi ne Raƙumi. Ke kika raɗa wa babur ɗin nan suna saboda girmansa da juriyarsa a doguwar tafiya, to bana ya ba raƙuma kunya. A buɗaɗɗiyar hanya ba shi da matsala. Amma tun da aka rufe hannu ɗaya na gada don gyara, daga shataletale zuwa ƙofar kasuwa sai in yi minti arba'in ina jan ƙafa a cunkoso. Nan zai fara ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, warin baƙin mai ya taso, ya riƙa shiɗewa. Ranar Alhamis ya mutu mini a gaban danja, ina ɗauke da kan keke biyu na telolin layin 'yan yadi.

Na kai shi wurin Dogo bakanike. Ya ce abin da nake mantawa shi ne injin Raƙumi ba shi da lagireto, ba ruwa ke sanyaya shi ba, iska ce. Siraran ƙarafan nan da ke jere a jikin injin kamar haƙarƙari, su ke ɗebo zafi su miƙa wa iska ta tafi da shi. In yana gudu yana shan iska, in kuwa ya tsaya inji na aiki, kansa yake dafawa. Ya juye baƙin man ya zuba mai kauri wanda ke jure zafi, sannan ya jero mini dokoki sai ka ce likita. In na ga layi ya tsaya cak in kashe inji. In daina murɗa totur don huce haushi a kan masu mota. In fita da sassafe, in bi hanyar bayan gari ko da ta fi nisa. Kada in kuskura in watsa masa ruwan sanyi yana da zafi, ƙarfen zai iya tsagewa. Ya ƙara da wata magana wadda ban ɗauka ba, kin san Dogo da surutu.

Da na dawo gida na samu tsohon buroshin haƙori, na bi haƙarƙarin nan ɗaya bayan ɗaya na fitar da busasshiyar laka. Rigar kakin nan mai soso da kika ɗinka kika ɗaura a gefen injin don kada ya sake ƙona mini ƙwauri tana nan ras. Na cire ta na kakkaɓe na mayar. Ko a danja mutane tambaya suke wa ya yi ɗinkin.

Ɗanki na fari ya ji labarin ranar Alhamis. Ba banza muka sa masa Alƙali tun yana rarrafe ba. Ya zo ya zauna a kujerarki ya yanke hukunci, wai in Raƙumi ya sake mutuwa a titi zai karɓi makulli, don mai shekara sittin da bakwai bai kamata ya riƙa tura babur mai nauyin saniya ba. Na ji haushi, amma na san tsoro ne. Shi ya ɗauke ki daga ƙasa ranar da kika faɗi.

Alkawarinmu dai yana nan. Kin ce ranar da za ki gama zagayen farko na gashi, ƙarshen watan nan, ba kya son in zo a motar haya, so kike ki ji ƙarar Raƙumi a ƙofar gidan Auta. In Allah Ya yarda za ki ji ta.

Ki huta lafiya.

Naki,
Mai Gyaran Keke


Ranar Lahadi

Mai Allura,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da jiki, ina gaishe da Auta da mutanen gidanta. Yaya barci a zafin nan? Ki riƙa shan ruwa ko ba kya jin ƙishi, kuma ki daina ɓoye wa likita in hannun na ciwo, na san halinki.

Na fi so ki ji labarin nan daga bakina kafin Alƙali ya kai shi da gishiri. Makullin Raƙumi ba ya hannuna.

Kwana goma sha biyu na bi dokokin Dogo ban karya ko ɗaya ba. Shekaranjiya da tsakar rana wani tela ya kira ni kamar zai yi kuka, kekensa ya cije, ga kayan makaranta tuli da za a karɓa washegari. Na nufi hanyar bayan gari na tarar tirela ta faɗi ta tare ta. Ba yadda zan yi, na juyo na hau gada da ƙarfe biyu. Cunkoson ranar irin mai munin nan ne, ba a tsaye ake ba balle in kashe inji, ba kuma tafiya ake ba balle ya sha iska. Taku uku a tsaya, taku uku a tsaya. Ina jin tsakuwar nan ta fara kaɗawa, ina lallashinsa da baki kamar mai ji. A tsakiyar gada ya yi tari ɗaya ya yi shiru.

Wani mai sayar da ruwa, bawan Allah, ya taho da gudu da ledojin ruwa masu ƙanƙara zai taimaka. Da jikina na kare injin ina roƙonsa kada ya zuba, mutane na kallona kamar na zautu. Na tura Raƙumi zuwa gangaren gada, daga nan idona ya fara ganin duhu, na zauna a bakin titi. Ruwan da na hana injin, ni aka zuba wa a ka. Mai ruwan ne ya ɗauki wayata ya kira lambar da ta fi kusa, ta Alƙali ce.

Alƙali bai yi faɗa ba. Da ma ya yi. Ya tsuguna a gabana ya zare makullin ya sa a aljihu.

Dogo ya zo ya duba bayan injin ya huce, ya ce da ƙyar ya sha, saura ƙiris ya ƙame. Sai kuma ya juya wurin Alƙali, a gabana, ya maimaita maganar nan da na ce miki ban ɗauka ba. To, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Tun zuwana na farko ya ce rigar ce. Ta rufe haƙarƙarin daga gefe biyu, ko ɗan iskar da ke kaɗawa a cunkoso ba ta isa gare su, zafin da ya kamata ya fita sai ya koma ciki. Ya ce duk sauran dokokin taimako ne kawai, muddin rigar na nan a banza nake wahala. Na ji shi sarai a ranar, na yi kunnen uwar shegu.

Ki yafe mini ɓoyewar. Rigar nan ita ce abu na ƙarshe da hannunki na dama ya ɗinka. Ina tuna ki da tef a wuya kina zagaya babur kina mini faɗa a kan tabon ƙwaurina, kwana tara kafin ki faɗi. Duk sanda na tsaya a danja sai in sa hannu in shafa ɗinkin, layi biyu a miƙe ba gargada. Na kasa cire ta. Na kuma kasa rubuta miki cewa aikinki ne yake kashe shi, kina can kina fama da cokali. Ni da nake gyara injin mutane shekara arba'in, na san in aka toshe wa inji numfashi me ke biyo baya. Ba rashin sani ba ne, kewarki ce.

Alƙali dai ya gane dalilin. Daga baya ya ce ba zai cire ta da hannunsa ba, aikin uwarsa ne, amma makulli na aljihunsa muddin tana jikin injin. Saura kwana goma sha uku ƙarshen wata. Jiya na tsuguna na kama igiyar farko zan kwance, na tashi na bar ta.

Ban san abin da zan yi ba. Ki yi mini addu'a.

Naki,
Mai Gyaran Keke


Ranar Alhamis

Zuwa ga Mai Allura, shugabar teloli,

Assalamu alaikum. Gaisuwa da fatan alheri gare ki da Auta da mijinta da yara. Yaya ƙarfin jiki? Ba sai kin amsa ba, takardarki ta amsa.

Layi shida da hannun hagu, haruffan na hawa da sauka kamar sawun kaza, amma faɗan bai rage ko kaɗan ba. Na karanta ta ya fi sau ashirin. Auta ta ce yini guda kika yi a kanta, kin hana ta taya ki. Na karɓi sunan da kika kira ni da shi, mai taurin kai, na ma cancanci wanda ya fi shi.

Kin ce ke ƙafata kika so karewa, ba injin ba. Kin ce kuskuren naki ne da kika auna babur maimakon ki auna mai babur, kuma tela da ba ya farke ɗinkinsa bai iya ɗinki ba. In kawo miki rigar ki farke ta ki mayar da ita abin ɗaurawa a ƙwauri. Kwana nawa ina juya abin nan a kaina, ko sau ɗaya bai zo mini cewa rigar za ta iya komawa jikina ba.

A ranar na kwance ta. Cikinta duk ya babbake, soson ya narke ya manne, ban taɓa juyawa na duba da kyau ba. Na sake bin haƙarƙarin da buroshi. Jiya muka yi jarrabawa, don Alƙali ya ce sai ya gani da idonsa. Ƙarfe biyu na rana, kan gadar nan dai, ni a kan Raƙumi, shi da Dogo a mota a bayana. Da layi ya tsaya na kashe inji, da ya motsa na tayar, ban taɓa totur don haushi ba ko da wani mai tasi ya nemi ya hau ƙafata. Zafi kam ya yi, ba zan yi miki ƙarya ba, amma tsakuwar ba ta kaɗa ba, bai shiɗe ba, muka sauka gada lafiya. Rigar kuwa na naɗe ta a ƙwaurina na ɗaure da robar taya. Dogo ya yi dariya har da riƙe ciki, wai na yi kama da wanda aka yi wa ɗori.

Alƙali ya miƙo mini makulli a ƙofar kasuwa. Bai bari ya tafi haka ba, sai da ya haɗa da sharuɗɗa: in tsaya a inuwa duk bayan awa ɗaya da rabi, ni in sha ruwa, Raƙumi ya sha iska, in kuma kira shi a kowace tsayuwa. Na amince da duka. Ya ce in gaya miki rubutunki ya fi nasa kyau.

Jibi da asuba zan kama hanya, don in wuce cunkoson gari kafin rana ta ɗaga. Awa shida ce, da tsaye-tsayen nan ta zama bakwai, ki sa rai da ni wajen azahar. Ki ce wa Auta ta bar tagar ɗakinki ta wajen titi a buɗe.

Na sa rigar a jaka tare da ƙaramin almakashinki da tef da zaren kaki. Na kuma sayo allura mai babban ido. Auta ta ce yatsun ba su kai ga zura zare ba tukuna, kuma abin na sa ki kuka in ba kowa a ɗakin. Kada ki damu da wannan. Ke ki riƙe allurar, zaren ni zan zura miki, ko sau nawa ya zare. Ƙafar ma ga ta nan zan kawo, ki auna ta a hankali, ba inda za ta.

Sai na iso.

Naki har kullum,
Mai Taurin Kai