Ramin Bayan Gida

Yaya Abdulhadi,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, da Inna da iyali da kowa a Zakirai. Ni lafiya lau a Fatakwal. Tarin nan ne dai bai sake ni ba, kada ka gaya wa Inna.

Jiya na bi lauyan da nake wa masinja zuwa kotun jiha, na ji hukuncin da ya hana ni cin abinci. Wani magini ya haƙa rami ya bar shi, ruwan sama ya cika shi, 'yar maƙwabta ta faɗa ta rasu. Ya ce ƙaddara ce. Alƙali ya ce ba wanda ya saukar da ruwa ya kira ba, wanda ya yi haƙa ya kira. Aka ɗora masa diyya.

Yaya, ramin da muka ɗebi ƙasar tubali a bayan gida, sau uku ina maka magana kana cewa sai bayan shuka. Ga damina ta ƙarato. Don Allah ka cike shi, ko ka kewaye shi da ƙaya.

Allah ya ba mu damina mai albarka. Na ji 'yarka Ummi ta fara tafiya.

Ƙaninka,
Ikrima