Littattafanmu Sun Tsufa Ne Don Mun Karanta Su

Zuwa ga Shugaban Sashen Tallafin Ilimi na kamfanin da ya kawo wa makarantarmu littattafai.

Ranka ya daɗe, ina gaishe ka cikin sunan Ubangiji, da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikata. Ban rubuta sunan kamfaninku ba. Kun san kanku, motarku ma kowa ya gan ta a Kafanchan.

Ni ce Malama Saratu, mai koyar da aji biyu a firamaren ƙauyenmu, kan hanyar Zonkwa. Bara kun kawo mana kwalayen littattafan labarai, kuka yi alkawarin bana za ku ƙaro kayan kimiyya, har da madubin ganin ƙananan halittu. Mun gode, a coci ma an yi muku addu'a. Makon jiya hedimasta ya shaida mini cewa mai dubawar da kuka turo ya ce mun lalata kyautar, don haka an cire mu daga rabon kimiyya.

Na ɗaya. A wajenmu kyautar babban baƙo ajiye ta ake yi, kamar farantan aure a kabad, don in ya dawo ya tarar da ita tana ƙyalli. Hedimasta, mutumin kirki, haka ya so ya yi. Ni na ƙi. Da hannuna na yage ledojin da littattafan suka zo a ciki, in kun sake kawowa kuma zan sake yagewa.

Na biyu. Gaskiya ne akwai tabon manja a shafuka, wasu kuma suna warin citta. Yara na ba su suka kai gida, a nan kuwa gida wurin aiki ne: uwa na tsaga citta, yaro na gefe yana haɗa baƙaƙe. Alheri, wadda ta zo ajina ba ta jin Hausa sosai balle Turanci, yanzu tana karanta wa kakarta labari tana juya mata shi da yarenmu. Littattafan da bangonsu ya rabu, matan zumuntar cocinmu suka ɗinke su da allura bayan sujada. Wannan ɗinkin ne mai dubawarku ya ɗauki hotonsa a matsayin shaidar ɓarna.

Na uku. An ce akwai makarantar da ya yaba. Na san ta, ƙanwata ke koyarwa a can. Nasu littattafan na cikin leda a ofis, ko gara ba ta sami hanyar shiga ba, balle yaro. Ba na zarginsu, tsoronku suka ji, ga shi kuma kun nuna sun yi daidai. Na yi karatu gwargwado, Ranka ya daɗe, ban taɓa cin karo da inda aka ce ana auna ilimi da tsabtar bango ba.

Ga abin da ya hana ni yin shiru. A ɗaya daga littattafanku yara suka karanta cewa akwai halittun da ido ba ya gani. Cittar iyayensu ta ruɓe a gona, sai suka tambaye ni ko irin waɗannan ne suka ci ta. Na ce su jira madubi, za mu duba tare. Tun daga lokacin suke kawo ruɓaɓɓiyar citta a gwangwani, tagar ajin ta cika.

Roƙona biyu ne. Ku sake turo mutumin, ya zauna a benci, ya zaɓi yaron da ya ga dama ya buɗe masa kowane shafi. Sannan ku mayar da mu cikin rabon. In kun ƙi, ni ba zan isar da saƙon ba. Ka zo da kanka ka gaya wa aji biyu laifinsu, amma ka shirya, sun iya tambaya yanzu.

Allah ya albarkaci kamfaninku, ya ba ka hikimar gyara wannan.

Wassalam.

Malama Saratu