Salatif ɗinka a Aljihuna

Zuwa ga abokin aikina Bulus,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, kai da Rifkatu da yara da dukan mutanen Zariya. Ya jikin Mama? Allah ya ƙara mata sauƙi. Tun da ka tattara ka koma gida jinyarta muke cewa za mu yi doguwar waya, kullum sai gaisuwa ta cinye katin. Abin da ke raina kuma ba na iya faɗarsa da baki, shi ya sa na zauna rubutu.

Hannuna na dama ya fara rawa, Bulus.

Ka tuna yadda muke raba aiki. Kai ka ɗora tayil, ni in biyo da silikon, ƙaron nan mai toshe kafar ruwa, in bi inda bango ya haɗu da ƙasa, da bayan kwanon wanke hannu, da kewayen shawa. In yanke bakin robar silikon ɗin a karkace, in ɗora ta a bindigar matsa shi, in ja layi da numfashi ɗaya, in tsoma yatsa a ruwan sabulu in shafe. Ba na komawa baya. Da wannan aka san ni daga Fagge har Titin Ibrahim Taiwo, kuma ka san ina ji da kaina a kai.

Kai kuwa in silikon ya faɗo kanka sai ka zaro salatif ɗinka na takarda, ka manna sama ka manna ƙasa, ka bar siririyar hanya a tsakiya. In mun fito in ce maka ɗan firamare mai ja da rula. Ka yi dariya ka ce, "Habu, layi dai ya miƙe ruwa ya rasa hanya, sauran duk son a sani ne."

Na ce in mun fito, domin ka san ba na magana a banɗaki ko da sabo ne fil. A bakin ƙofa nake bismillata in shiga in yi shiru. Da farko kana ɗan rera waƙoƙinku na coci kana aiki, daga baya ka daina ba tare da na roƙe ka ba. Ban taɓa gode maka ba. Yanzu a cikin shirun nan nake jin bakin robar yana taɓa tayil ƙas-ƙas-ƙas, ni kuma ban sa shi ba.

A teburin mai shayi na fara lura, kofi ya riƙa zuba min a riga. Na ce yunwa ce, na ce gajiya ce. Amma ka ga Babana a ƙarshen rayuwarsa, ka ga yadda sai an riƙe masa ludayi kafin ya sha koko. In na kalli yatsuna nasa nake gani. Ban gaya wa matata Hadiza ba. Sai dai kwanan nan ta koma zuba min shayi rabin kofi, ni kuma ban tambaye ta dalili ba.

Ana cikin haka Alhaji Garba mai atamfa ya kira ni sabon gidansa na Fagge. Ka san halinsa, shi ne wanda ke durƙusawa da babbar riga ya bi layi da yatsa daga kusurwa zuwa kusurwa. In ya yaba maka a majalisarsu ka samu aikin shekara. In ya ce hannun wane ya mutu, to an gama, ba wanda zai ƙara nemanka. Ni kuma ban iya wata sana'a ba.

Ranar farko na ja layi ya fito a karkace, nan kauri nan siriri. Na yi abin da nake hana mutane, na koma da yatsa, na sake komawa, har ya dame ya ɓata farin tayil. Warin tsaminsa ya cika min hanci, zufa ta jiƙa ni. Na jira ya sha iska na kankare shi da reza, na ce wa Alhaji robar ce ta kwana biyu a shago, gobe zan kawo sabuwa.

Da safe na hau adaidaita sahu zuwa Sabon Gari, shagon matar nan da muke sayen kaya. Na karɓi silikon, na tsaya ina kame-kame, sannan na ce ta ƙara min salatif na takarda. Ta ɗago ta tambaye ni ko ka dawo ne. Na ce a'a. Ta dube ni ta sa a leda, ni kuwa kunya kamar in nutse.

Na yi yadda kake yi, duk da ban san na haddace ba. Na goge wurin ya bushe ƙarau. Na manna sama na manna ƙasa, wannan kaɗai ya ci min lokaci don takardar tana ta manne min a yatsu. Na tallafi bindigar da hagu na ja, hannun ya yi rawarsa son ransa, amma duk ɓarnar a kan takarda ta sauka. Na shafe sau ɗaya. Na ɓare salatif tun yana ɗanye, a hankali, ina janye shi nesa da layin. Bulus, ya miƙe. Na zauna a ƙasa ina kallonsa, ban san ko murna zan yi ko kuka ba. Na kulle ƙofa na tafi da makulli, kada wani ya shiga alwala ya jiƙa min shi kafin ya kama.

Washegari Alhaji ya durƙusa ya bi shi da yatsa har ƙarshe. Da muka fito ya ce aikina kullum ɗaya ne, ya miƙo hannu mu yi musabaha. Ban samu yadda zan ƙi ba. Ya riƙe, hannuna yana karkarwa a cikin nasa, ya daɗe bai saki ba. Ya kalli aljihun rigata inda guntun salatif ya leƙo, ya ce, "Malam Habu, ka je a duba hannun nan. Banɗakunan sama za su jira ka."

Ban san me zai faɗa a majalisa ba, ban kuma san me likita zai ce ba. Na dai karɓi katin asibiti, ranar Litinin zan je, kuma yau in na gama wannan zan gaya wa Hadiza. Tsoro nake ji, abokina, ba kaɗan ba.

Ka sa ni a addu'a ranar Lahadi, ni ma Mama tana cikin tawa. Allah ya ba ta lafiya, ya tsayar min da hannuna, in kuma ba zai tsaya ba ya ba ni haƙurin manna takarda sama da ƙasa. In ka tashi zuwa Kano ka taho da dariyarka, bashi ne... a'a, haƙƙinka ne, ka yi ta son ranka, amma sai mun fito.

Naka har kullum,
Habu